In Ɓera Da Sata, Daddawa Ma Da Wari

Ran Alhamis, 13 ga watan Afrilu, 2023, gidajen talabijin na Amurka suka nuna wa duniya wani abin kallo. Motoci masu sulke sun ja daga a ƙofar wani gida da ke garin Dighton cikin jihar Massachusetts, 'yan sandan ciki na FBI sun ɗana bindigogi, jirage masu saukar ungulu na 'yan jarida suna shawagi a bisa. Can sai ga wani saurayi ya fito da gajeren wando ja, hannuwa bisa ƙeya, yana tafiya da baya da baya har suka damƙe shi. Wanda ya ga wannan shiri sai ya zaci wani gawurtaccen ɗan leƙen asirin Rasha aka ritsa. Ashe yaro ne ɗan shekara 21, sunansa Jack Teixeira, ƙaramin kurtu a rundunar mayaƙan sama ta jihar, wanda aikinsa shi ne gyaran kwamfutoci da duba wayoyin da suka haɗa su. A gidan mahaifiyarsa aka kama shi.

Laifinsa kuwa ba ƙarami ba ne. Tun cikin 2022 yake kwaso asiran gwamnatin ƙasarsa yana zubawa a wani ɗan zaure na Discord, inda samari masu wasan kwamfuta ke taruwa hira, waɗansunsu ko makarantar sakandare ba su gama ba. Da farko yakan kwafe abin da ya karanta da hannunsa. Da ya ga aikin ya yi masa yawa, kuma abokan ba su cika kulawa ba, sai ya koma buga takardun a ofis, ya ninke su ya tafi da su gida, ya ɗauki hotonsu ya aika. A ciki akwai bayanin ƙarfin sojan Yukiren da ƙarancin makamansu na kakkaɓo jirage, akwai hirar manyan jami'an Koriya ta Kudu, wadda ƙawar Amurka ce, akwai rahoton shirin sojojin haya na Wagner a kan gwamnatin Cadi, har da abin da Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya Antonio Guterres ya tattauna a keɓe da mataimakiyarsa Amina Mohammed, 'yar Najeriya. Wata da watanni ana haka, ma'aikatar tsaron Amurka ba ta da labari. Sai da takardun suka tsallaka wasu zaurukan, suka kai hannun magoya bayan Rasha a Telegram, jaridu suka buga cikin makon farko na Afrilu, sa'an nan masu gida suka farga an yi musu sata. A watan Nuwamba 2024 wata kotu a Boston ta ɗaure yaron shekara 15.

To, an ɗaure ɓera. Saura daddawa.

Duk ɗan Arewa da ya taɓa riƙe sandar gadi a Ikoyi ko Bodija ko unguwar Turawa ta Fatakwal ya san iyakar mabuɗin da akan ba shi. Mabuɗin ƙofar waje ne, wani lokaci da na ɗakin janareto. Ba a taɓa jin maigida mai hankali ya miƙa wa maigadi, ko mai gyaran wuta, ko mai gyaran famfo mabuɗin akwatin da yake ajiye takardun filayensa ba, kome yardar da ke tsakaninsu. Wannan ƙa'ida da mai shagon tireda a Agege ya sani ita ce ta gagari ƙasar da ke da hukumomin leƙen asiri 18, wadda ta ware musu kusan dala biliyan 100 a shekarar 2023 kaɗai. Teixeira mai gyara ne. Ba shi nazarin yaƙi, ba shi ba hafsoshi shawara. Amma domin yana taɓa na'urorin, aka ba shi izinin ganin asiri mafi girma tun yana ɗan shekara 19, aka bar shi yana karanta abin da ake kai wa manyan janar-janar. Alhali kuwa a 2018 makarantarsa ta taɓa dakatar da shi saboda maganganun bindigogi da barazana da aka ji ya yi, 'yan sandan garinsu ma sun taɓa hana shi lasin riƙe bindiga a kan haka.

Ba kuma a ɓoye ya yi ta'asar ba, wannan shi ne abin takaicin. A watan Satumba 2022 na gaba da shi suka gan shi yana rubuta abin da ya karanta a takarda yana cusawa a aljihu. Aka ce ya daina. A watan Oktoba ya halarci wani taron bayanin asiri yana ta jero tambayoyin da ba su shafi aikinsa ba. Aka sake cewa ya daina tone-tone. Farkon 2023 aka sake ganinsa yana duba abin da ba huruminsa ba. Kowane karo sai a rubuta 'yar takarda a jefa cikin fayil, a koma aiki. Ba wanda ya karɓe izininsa, ba wanda ya kai cikakkiyar magana wurin jami'an tsaron da doka ta ce a kai wa. Da Babban Sufeto na rundunar sama ya yi bincike, rahotonsa na Disamba 2023 ya nuna cewa waɗansu da gangan suka ƙi kai cikakken bayani, wai suna gudun kada jami'an tsaro su ɗauki abin da zafi. Rahoton ya kuma nuna cewa masu aikin dare, mutum uku kacal, su kaɗai akan bari cikin ginin asirin ba mai duba su, kuma ba mai lura da abin da aka buga a na'urar buga takardu. An ladabtar da mutum 15, daga saje zuwa kanar, an cire kwamandan sansanin daga muƙaminsa. Ko ɗaya bai kwana a gidan yari ba.

Da a ce wannan ne karo na farko, da sai a ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Amma labarin ya tsufa.

Asalinsa harin 11 ga Satumba 2001. Kwamitin da ya binciki harin ya gano cewa hukumomin Amurka kowace ta ƙudundune abin da ta sani, CIA ba ta gaya wa FBI, FBI ba ta gaya wa kowa. Maganin da aka kawo shi ne a buɗe rumbuna, kowa ya ga na kowa. Tunanin ba laifi. Laifin shi ne an rushe bangayen ɗakuna, ba a sa mai tsaron tsakar gida ba. Ma'aikatar harkokin waje ta ɗora wasiƙun jakadunta bisa hanyar sadarwar asiri ta soja mai suna SIPRNet, wadda ɗaruruwan dubban mutane ke da izinin shiga. Cikinsu har da wani kurtu ɗan shekara 22 da ke zaune a wani sansani cikin hamada gabas da Bagadaza, Bradley Manning, wanda yanzu aka sani da Chelsea Manning.

Yadda kurtun ya kwashi kayan abin dariya ne, in ba don girman abin ba. Tun a 2008 sojan Amurka suka hana sa ɗan ma'adanin nan da ake kira filash a kwamfutocinsu, bayan wata ƙwayar cutar kwamfuta ta shiga ta wannan hanya ta addabe su. An toshe wannan ƙofa, an bar ta faifan CD a hangame. Manning yakan shigo da faifai an rubuta sunan mawaƙiya Lady Gaga a kai, ya sa abin sauraro a kunne, yana motsa baki kamar mai bin waƙa, alhali ya goge waƙoƙin yana ɗura asiran gwamnati. Shaidu sun gaya wa kotun soja cewa a wannan ɗaki na asiri sojoji suna ajiye waƙoƙi da finafinai da wasanni a cikin rumbun da aka tanada don bayanan yaƙi. Kuma kafin a kama shi ya nuna alamun damuwa a fili, ya taɓa kifar da tebur a gaban na gaba da shi, amma aka bar shi a kujerarsa. Ba na'urar gwamnati ce ta gano shi ba. Wani mai kutsen kwamfuta da ya yi hira da shi ne ya kai ƙara, a watan Mayu 2010. Kafin nan wasiƙun jakadanci 251,287 da rahotannin yaƙin Iraƙi 391,832 da dubban na Afganistan sun riga sun isa hannun WikiLeaks.

Mutanen Kano suna da dalilin tuna wannan lokaci. Cikin wasiƙun da aka buga a watan Disamba 2010 akwai wadda ofishin jakadancin Amurka ya rubuta a 2009, inda aka ruwaito manajan kamfanin Pfizer a Najeriya yana cewa kamfanin ya ɗauki masu bincike su tono laifuffukan ministan shari'a na lokacin, Michael Aondoakaa, domin a matsa masa ya janye ƙarar da gwamnatin tarayya ta shigar kan gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, inda 11 suka rasu. Pfizer ya musanta. Akwai kuma wadda ta ruwaito wata babbar jami'ar Shell, Ann Pickard, tana gaya wa jakadiyar Amurka cewa kamfanin yana da mutanensa a cikin ma'aikatun gwamnatin Najeriya, saboda haka ya san abin da ake ciki. Shell ma ya musanta. Wanda ya karanta waɗannan yana iya cewa madalla da ɓeran da ya yi wannan sata. Sai dai ya dakata ya ji ɗaya gefen. A watan Satumba 2011 wasiƙun duka suka fito ba a goge sunan kowa ba, aka fallasa mutanen da suka yi magana da jakadun Amurka bisa alkawarin za a rufa musu asiri. Wani ɗan jaridar Habasha, Argaw Ashine, sunansa ya fito a ciki, 'yan sanda suka tsare shi da tambayoyi suna neman ya faɗi wanda ya ba shi labari, ya bar ƙasarsa ba shiri. Gwamnatin da ta yi wa irin waɗannan mutane alkawari ita ce ta ajiye sunayensu inda kurtu da faifan waƙa zai iya kwashewa. An yanke wa Manning shekara 35 a 2013, Shugaba Obama ya sassauta masa ya fito a 2017. A wancan karon ma mutum 15 rundunar ta ladabtar, aka rage wa wani saje igiya.

Aka yi rantsuwa ba za a sake ba. A watan Oktoba 2011 Obama ya sa hannu a dokar da ta umarci kowace hukuma ta kafa sashen sa ido kan ɓarayin cikin gida. Ba a cika shekara biyu ba sai ga Edward Snowden, ɗan shekara 29, ma'aikacin kamfanin kwangila na Booz Allen Hamilton a ofishin hukumar NSA da ke Hawayi. Shi ma a fannin kula da kwamfutoci ya fito, watau irin mutanen da ke riƙe da mabuɗin kowane ɗaki domin gyara. Ya sa wata manhaja mai arha ta bi rumbunan tana tattara takardu, ba ƙararrawar da ta tsayar da shi. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da rahoto cewa ofishin na Hawayi bai kai ga sa sabuwar manhajar gano masu kwasar bayanai ba, domin layin sadarwarsa ba shi da ƙarfin ɗaukarta. Hukumar da ke sauraron wayar shugabar gwamnatin Jamus Angela Merkel ta kasa sauraron abin da ke faruwa a cikin ɗakinta. A watan Mayu 2013 Snowden ya hau jirgi zuwa Hong Kong, daga can ya wuce Mosko, inda aka ba shi takardar zama ɗan ƙasa a 2022. Kwamitin majalisar wakilai ya ce takardun da ya ɗauka sun haura miliyan 1.5.

Wa ya tantance shi? Wani kamfani mai suna USIS, domin gwamnati ta ba da aikin binciken halin ma'aikatanta kwangila, ana biya bisa yawan fayil ɗin da aka kammala. Abin da zai biyo baya ko yaro ya sani. A watan Janairu 2014 ma'aikatar shari'a ta zargi kamfanin da miƙa bincike 665,000 a matsayin kammalallu alhali ba a duba su yadda aka yi yarjejeniya ba, watau kashi 40 cikin 100 na aikinsa na tsawon shekaru. A 2015 aka sasanta a kan dala miliyan 30.

A wannan shekara ta 2015 kuma aka ga abin da ya fi. A lokacin, duk mai neman izinin ganin asiri a Amurka sai ya cika wata takarda mai shafi 127, ya faɗi bashin da ake binsa, da ƙwayar da ya taɓa sha, da likitan ƙwaƙwalwar da ya taɓa gani, da sunayen danginsa da abokansa na ƙasashen waje. Takardar da in abokin gaba ya samu, ya san wanda zai saya da wanda zai tsorata. Ofishin kula da ma'aikatan tarayya, OPM, shi ke ajiye su a lokacin. Tun 2007 mai binciken ofishin ke kuka kan raunin tsaron kwamfutocinsa, shekara bayan shekara. Bayanan ba a kulle su da lambobin sirri ba, waɗansu na'urorin sun tsufa ƙwarai. Masu kutse suka shigo da mabuɗin wani ma'aikacin kwangila, suka zauna wata da watanni, suka kwashe bayanan mutum miliyan 21.5 da zanen yatsun mutum miliyan 5.6. Jami'an Amurka sun nuna Sin da yatsa, gwamnatin Sin ta ce ba hannunta. Shugabar ofishin, Katherine Archuleta, ta yi murabus a watan Yuli, shi ke nan hukuncinta. Kalmar sirri in an sace ana sauya wata. Zanen yatsa kuwa da shi mutum zai shiga kabari.

Mai karatu da ya kwana a layi a Ikko ko Anacha domin ya sami lambar NIN kada a rufe masa layin waya, shi ma ya danƙa wa gwamnati zanen yatsunsa goma da hotonsa da adireshinsa. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na 'yan Najeriya a kan naira 100, ta ce har ta sayi na ministan sadarwa domin ta kafa hujja. Hukumar NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba. Ko da haka ne, bayanan ba daga sama suka faɗo ba, kuma naira 100 ko kwalbar lemo ba ta saye.

A koma Amurka, inda bayan Snowden aka sake rantsuwa, shugaban NSA Janar Keith Alexander ya ce daga yanzu ba mai taɓa manyan asirai sai mutum biyu tare. A watan Agusta 2016 aka kama Harold Martin, shi ma ma'aikacin Booz Allen Hamilton. Shekara 20 yana fita da takardu da faifai ta ƙofar da masu gadi ke tsaye. Aka same su jibge a gidansa, da cikin motarsa, da rumfar bayan gida, terabait 50, abin da masu gabatar da ƙara suka kwatanta da shafi miliyan 500. An ɗaure shi shekara 9.

Amma wanda ya fi kowane tona asirin masu gidan shi ne na CIA, domin da bakinsu suka faɗa. Ran 7 ga Maris 2017 WikiLeaks ta fara buga bayanan makaman kutsen hukumar, waɗanda take shiga wayoyin hannu da kwamfutoci da su, har da akwatunan talabijin na Samsung da take mayarwa na'urar sauraro. CIA ta kafa kwamitin cikin gida, ya rubuta rahoto a watan Oktoba 2017, aka ɓoye, sai a watan Yuni 2020 Sanata Ron Wyden ya fito da wani sashe nasa. Abin da ke ciki ya isa ya sa mai shagon kwamfuta a Ikeja ya rufe fuska. Ma'aikatan sashen suna amfani da kalmar sirri guda ta masu kula da rumbun, kowa ya san ta. Ba wani ingantaccen shinge da ke hana a sa filash a kwashi abin da aka ga dama. Makamai mafiya haɗari ba a keɓe su daban ba. Ba a bin sawun wanda ya shiga da abin da ya ɗauka. Rahoton ya ce sashen ya fi damuwa da ƙera makaman fasa gidan wasu a kan kulle nasa gidan. A gaban kotu kuma aka ji cewa ɗaya daga cikin kalmomin sirrin ita ce 123ABCdef. Kwamitin ya ƙiyasta abin da aka sace tsakanin gigabait 180 da terabait 34, tazarar da ta yi daidai da a ce an sace wa mutum tsakanin akuya guda da garke sukutum. Satar ta auku a 2016, kusan shekara guda kafin a sani, kuma kwamitin ya amsa cewa da ba don WikiLeaks ta buga ba, da wataƙila ba za a taɓa sani ba. Watau da ɓarawon ya sayar wa wata ƙasa a ɓoye, da an ci gaba da barci. Wanda kotu ta samu da laifin, Joshua Schulte, injiniya ne a sashen, wanda ya yi rigima da abokin aikinsa ya ƙullaci shugabanninsa. A watan Fabrairu 2024 aka yanke masa shekara 40, a kan wannan da kuma munanan hotunan yara da aka samu a kwamfutarsa.

Kada kuma a zaci wannan rigimar manya ce da ba ta taɓa talaka. A watan Afrilu 2017 wani gungu mai kiran kansa Shadow Brokers ya watsa makaman kutsen NSA. Wata guda bayan haka, ran 12 ga Mayu, aka yi amfani da ɗayansu wajen sakin cutar WannaCry, ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe 150. A Ingila asibitocin gwamnati suka soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000, aka riƙa karkatar da motocin ɗaukar marasa lafiya.

Masu kare hukumomin suna da amsa guda, kuma amsar tana da nauyi. Sukan ce waɗannan mutane sun yi rantsuwa, sun sa hannu, sun ci amana, kuma ba katangar da za ta hana wanda aka yarda da shi cuta. Gaskiya ne amana aka ci, kuma ba mai mutunci da zai yi wa cin amana ado. Amma a duba mutanen nan biyar. Manning ya ce abin da ya gani na kashe-kashen Iraƙi ne ya dame shi, kuma rahotannin da ya fitar sun lissafa mutuwar farar hula 66,081. Snowden ya ce gwamnati na tattara bayanan wayar 'yan ƙasa ba bisa doka ba, kuma a watan Mayu 2015 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce lalle shirin ya saɓa wa doka. Martin tarawa kawai yake yi kamar gafiya. Schulte fushi ne. Teixeira kuwa burga yake yi wa yara. Mai kishi da mai ƙullaci da mai tara shirgi da mai neman suna, ba abin da ya haɗa zukatansu. Abin da ya haɗa su ƙofa ce guda da kowannensu ya tarar a buɗe. Ba gwamnatin da ke iya duba zuciyar ma'aikacinta, amma kowace tana iya toshe ramin filash, ta ƙidaya takardun da aka buga, ta hana mai gyara karanta wasiƙar maigida, ta saurari saje in ya ce ya ga abin da bai gane ba. Da ɗan gari akan ci gari, an sani tun kaka da kakanni, shi ya sa ake gina ganuwa da ƙofofi a sa musu sarakuna.

Ƙofofin ma sun yi yawa. Ƙididdigar gwamnatin Amurka ta 2019 ta nuna mutum fiye da miliyan 4 ne ke da izinin ganin asiri, fiye da miliyan 1 daga cikinsu na mataki mafi girma. Abin da mutum miliyan ya sani sunansa labarin kasuwa. Dalilin yawan masu mabuɗi kuwa shi ne yawan abin da ake kullewa, domin jami'in da ya buga wa takarda hatimin asiri ba abin da zai same shi, wanda ya bar ta a fili shi ke cikin haɗari. Ta haka hoton harin jirgin sojan Amurka na 12 ga Yuli 2007 a Bagadaza, wanda ya kashe ma'aikatan Reuters biyu, ya zauna a rumbu ɗaya da sunayen mutanen da rayuwarsu ta rataya a kan rufin asiri. In aka cuɗa abin kunya da abin kariya a buhu guda, wanda ya zo tona na farko zai zubar da na biyu.

Saura maganar hukunci, wadda ita ce ke nuna ko da gaske ake. Reality Winner, 'yar shekara 25, tsohuwar sojan sama, ta fitar da takarda guda a 2017 game da kutsen Rasha a zaɓen Amurka, ta aika wa wata jarida. An ɗaure ta wata 63. Janar David Petraeus, wanda ya shugabanci CIA, ya miƙa wa marubuciyar tarihinsa, wadda kuma farkarsa ce, littattafan ajiyarsa masu ɗauke da sunayen jami'an ɓoye da bayanan yaƙi, sa'an nan ya yi wa FBI ƙarya. A watan Afrilu 2015 aka ci shi tarar dala 100,000, aka sa masa ido shekara biyu, ya tafi gida. James Clapper, shugaban dukkan hukumomin leƙen asiri, an tambaye shi a majalisar dattijai a watan Maris 2013 ko NSA na tattara bayanan miliyoyin Amurkawa, ya ce a'a, wata uku bayan haka takardun Snowden suka ƙaryata shi, ya ci gaba da riƙe kujerarsa har Janairu 2017. A 2022 aka kwaso takardun asiri daga gidan Donald Trump na Florida, inda hotunan masu bincike suka nuna akwatuna jibge har a banɗaki. Ba a jima ba aka sami waɗansu a garejin Joe Biden. Shari'ar na farko an kore ta a 2024, na biyun ba a tuhume shi ba.

Wata huɗu bayan an rufe Teixeira, a watan Maris 2025, mai ba shugaban Amurka shawara kan tsaro, Mike Waltz, ya buɗe zauren hira a manhajar Signal, irin wadda kowa ke iya saukewa a wayarsa, domin manyan gwamnati su tattauna harin da za a kai Yaman. Cikin waɗanda ya gayyata, bisa kuskure, har da Jeffrey Goldberg, editan mujallar The Atlantic. Ran 15 ga wata ministan tsaro Pete Hegseth ya rubuta a zauren lokacin da jiragen yaƙi za su tashi da lokacin da bama-bamai za su fara sauka, editan yana zaune cikin motarsa yana karantawa kimanin awa biyu kafin harin. Ba wanda ya lura da baƙo a zauren har ya fita don kansa. Gwamnati ta ce ba wani asiri a cikin saƙonnin. Ba motar sulke da ta tsaya a ƙofar kowa. Ran 1 ga Mayu aka ɗauke Waltz daga muƙaminsa, a ranar kuma aka ba da sunansa ya zama jakadan Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, majalisar dattijai ta tabbatar da shi a watan Satumba.